Wai da gaske taki ba shi ne abincin shuka ba?

Baban Halima (Pitowa):

Slm jama'a, barkanmu da damina. Dan Allah masana ku raba mu gardama ni da yarona, dan wlh tun shekaranjiya abin na cina. Yaron yana lise, wato sakandare, a Garwa, ya zo hutu yana tayani aiki, muna cikin zuba yuriya a masara kwanakin baya nace masa maza ka zuba da kyau kar ka yi mata rowa abincinta ne, sai yaron nan ya ɗago yace Baba ai wannan ba abincinta bane, ita da kanta take dafa abincinta da rana da iska da ruwa, wai fotosentez sunan abin. Nace to in haka ne uban me yasa nake cin bashi duk shekara ina sayen buhu, rana dai kyauta Allah ya bamu, iska ma haka, sai yayi shiru yace shi dai haka mushe, wato malaminsu, ya koya musu.

To na bar maganar, amma yanzu da masarar tayi goyo na zagaya gonar sai na ga abubuwan da suka sa na fara tunanin kila yaron yana da gaskiya ko da rabi ce. Gonar kar biyu ce, wato rabin hekta, taki iri ɗaya na sa ko'ina, buhu ɗaya na 20-10-10 tun farko sai rabin buhun yuriya daga baya. Amma ta gefen gabas inda mangwaron uwargida yake, duk inda inuwarsa ta kai masarar tayi tsawo siririya kamar tsinke, ganyen fari fari, goyon kuwa bai fi yatsa biyu ba. Ta wajen kwari inda ruwa ya kwanta sati guda a watan Agusta duk tayi ɗorawa ta tsaya cak. Sai kuma tsohon wajen da muke shuka dawa, can wuta-wuta ta fito da jan furenta, masarar ta ƙi gaba ta ƙi baya kamar an ɗaure ta. Akwai kuma layi uku da ƙaramin ƙanen yaron ya zuba yuriya a jikin kara, su kam ƙonewa sukayi gaba ɗaya.

Bara a gonar nan buhu 9 na samu, bana ban san ko zan kai 6 ba. Tambayata kenan, me shuka take ci tsakani da Allah? in taki ne me yasa wacce aka ba da yawa ta mutu, in kuma rana ce me yasa ba'a noma a kan rairayin mayo, wato kogi, tunda can rana tafi yawa. A taimaka da bayani irin na manomi ba irin na littafi ba.

Ɗan Kuseri:

Hhhh Baban Halima ka kai yaro boko gashi ya dawo zai hana ka sayen taki. In iska da rana abinci ne ai mu nan Kuseri da mun fi kowa ƙiba, a watan Afrilu sai ka soya ƙwai a kan sirdin babur. Ni dai ina jiran malamai.

Mushe Mai Alli (Garwa):

Wa alaikumussalam. Yaya Baban Halima, yaronka ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsaya a rabin hanya, kai ma kuma da taka gaskiyar. Bari mu fara da lissafinka na bara tunda kace ba ka son na littafi. In taki irin na bana ka sa, kilo 75 ke nan ka zuba a gonar. Ka kwashi buhu 9, in na kilo 100 ne kilo 900 ke nan, ban da kara da totuwa da ganye da saiwa waɗanda in an auna su ma za su kai haka ko su fi. To kilo 75 ta yaya zai zama fiye da tan ɗaya da rabi? Kuma ƙasar gonar ba ta ragu ba, shekara nawa kuna noma ta tun zamanin mahaifinku ba ta zama rami ba. Ashe nauyin daga wani waje ya zo.

Wani likita a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, van Helmont, ya yi wannan gwajin, an buga labarinsa a 1648. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ƙaramin itace mai kilo 2 da ɗoriya, shekara 5 ruwa kawai yake ba shi. Da ya tuge itacen ya auna sai ya samu wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Shi sai ya ce ruwa ne ya zama itace, ya kusa amma bai kai ba, don a zamaninsa ba a san iska ma tana da hannu a ciki ba.

Ga yadda abin yake. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan wata iska da ake ce wa kabon dayoksaid take shiga, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda kuma wuta ke fitarwa. Ba ta da yawa a sararin nan, kashi 0.04 ne kawai cikin 100, amma ita ce garin tuwon. Saiwa tana jawo ruwa ta hau da shi. Shi kuma koren nan na ganye, klorofil, shi yake kama hasken rana, da ƙarfin hasken ake raba ruwan a haɗa shi da iskar, sai a samu sukari, a saki oksijin da mu muke shaƙa. Sukarin nan shi ne abincin. Da shi take gina kara da saiwa, rarar kuma ta tara a goyo ya zama garin masarar da kuke tuƙa tuwo da shi. Ka tuna zaƙin takanda ko rake, ko karan masara ɗanye in yara suna sha, to shi ne abincin yana kan hanya ba a kai shi rumbu ba tukuna.

Taki fa? Ka ɗauki dami guda na busasshen kara ka ƙona, ka dubi ɗan tokar da ya rage, bai cika ƙoƙo ba. Wannan tokar ita ce kusan duk abin da karan ya ciro daga ƙasa, sai azot, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa naitrojin, shi yana bin hayaƙi ya tafi. Sauran duk iska ne da ruwa sun koma inda suka fito. Kaɗan ne, amma in babu shi girki ba ya yiwuwa, don shi kansa koren ganyen da azot ake gina shi. Shi ya sa masarar da ta rasa azot za ka ga ganyen ƙasa sun fara yin ɗorawa daga tsini suna bin tsakiyar ganye, wadda ta rasa fosfor tana ƙarama ganyenta ya yi ja-ja kamar an shafa mata galura, ta potas kuma gefen ganye ne ke ƙonewa. Lambobi ukun da ke jikin buhunka, 20-10-10, su ne waɗannan ukun a jere. Yuriya kuwa azot ne zalla, kashi 46, wato buhun kilo 50 yana da kilo 23 na azot. Ni yadda nake faɗa wa ɗalibai, ganye ne madafa, rana ce wuta, iska da ruwa su ne gari, taki kuma gishiri ne da kanwa da daddawa. Rairayin mayo yana da wuta amma ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe gishirin.

Layi ukun da suka ƙone kuwa, ka taɓa zuba gishiri a kan yankakken tumatir ka ga ya zubar da ruwa? Haka yuriya ta yi wa saiwar, maimakon saiwa ta ja ruwa daga ƙasa sai takin ya ja ruwa daga saiwa. A nesanta shi da kara kamar faɗin tafin hannu, a tona a rufe, kuma ƙasa na da laima, don in aka bar ta a fili cikin zafin nan namu wani kaso yana tashi ya bi iska, kuɗinka ke nan ya tafi.

Ta ƙarƙashin mangwaro an ba ta gishiri an hana ta wuta, ta yi ta miƙewa tana neman haske da ɗan abin da take da shi, ga saiwar mangwaron kuma na raba ruwa da ita. Ta kwari kuma shaƙe ta aka yi. Mutane ba su cika sanin saiwa ma tana numfashi ba, tana buƙatar oksijin ta ƙona sukarin da ganye ya aiko mata kafin ta samu ƙarfin jan taki, dare da rana kuwa. In ruwa ya cika duk ramukan iskar da ke cikin ƙasa sai ta kasa aiki ta fara ruɓewa. Shinkafa ce ke da hanyoyin iska a cikin jikinta har zuwa saiwa, shi ya sa take zaune cikin ruwa a Yagwa da Lagdo ba abin da ya dame ta. Wajen nan baɗi ka sa masa shinkafa ko ka yi kunya mai tudu. Maganar wuta-wuta doguwa ce, bari in je masallaci in dawo.

Hajiya Mai Albasa (Marwa):

Mushe Allah ya ƙara basira, wlh ka tuna min da kakata, ita ba ta sayen kanwa, tokar kara take tatsa a tsohuwar ƙwarya mai huji ta samu ruwan toka na miyar kuka da yakuwa, ashe abin da dawa ta tsotso a ƙasa muke maidawa tukunya bamu sani ba.

Ni shekara ta 14 ina lambun albasa kuma abin da ka faɗa na ganshi da idona tun kafin in san dalili. Albasa ganyenta shine komai, kowane ganye ɗaya ɓawo ɗaya ne a cikin kan, in ƙwari suka cinye ganye ko suka sa yayi fari to ka manta da manyan kai sai 'yan ƙanana kamar goro. Akwai shekarar da nayi zari na ƙara yuriya dab da zata ƙosa wai dan ta ƙara girma, ganye kam yayi kyau har maƙwabta na zuwa kallo, amma wuyanta yayi kauri ya ƙi bushewa, muka ajiye muna jiran kuɗi ya hau, kafin wata biyu rabi ya ruɓe, warin har titi. Tun daga nan na shiga taitayina.

Kuma ga masu zare karmami tun dawa na madara dan a ba tumaki, kaga kenan madafar suke rushewa tuwo bai nuna ba, maigidana Allah ya jiƙansa baya yarda a taɓa ganyen sama sai ƙwaya tayi tauri, na ƙasa da suka fara bushewa kaɗai ake cira.

Amma ina da tawa tambayar Mushe. Masakwa fa, muskuwari inji Fulani? yanzu haka iri yana nan ya taso, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba za'a fita karal, ƙasar laka, ayi dashe, a huda rami da sanda a zuba ruwa ɗan kofi a sa ta, shikenan, ba ruwan sama ko ɗigo har Janairu Fabrairu a yanke, yawanci ba taki ma, ƙasar ta tsattsage har ƙafar yaro na faɗawa amma safrari, wani irin masakwar, na nan kore shar. In ruwa rabin girkin ne ita a ina take samu, kuma me yasa muke yanke mata kan ganye kafin dashe tunda ganyen ne madafa? mu dai haka muka tarar anayi.

Dattijon Gider:

Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min. Malamin makaranta na ji bayaninka amma ban yarda da maganar inuwa duka ba. Ni na shekara fiye da 50 da fartanya a hannu, a gonata akwai gawo 7, kuma duk shekara dawar da ke gindin gawo ita ce ta fi kauri ta fi zangarniya, har sai an ɗaga kai ake ganin kanta. In itace yana kashe shuka me ya hana gawo ya kashe? Na biyu, yaran yanzu sun ɗauka noma a buhu yake. Mu da can Fulani muke roƙo su sauka a gona da rani da shanunsu, mu ba su dawa su bar mana kashi, mu sa wake a tsakanin dawa, in gona ta gaji a bar ta ta huta, kuma wuta-wuta ba ta yi mana irin wannan ɗibar karen mahaukaciya ba. Tun da aka fara masara a kan masara shekara da shekaru ana ƙone kara ana watsa farin gishirin nan ƙasa ta mutu. Baban Halima ɗana, ba rana ce ta yi maka kaɗan ba, gonarka ce ta gaji.

Mushe Mai Alli (Garwa):

Baba Allah ya ƙara girma, ai ba mu saɓa ba. A duba gawon yanzu a cikin damina, akwai ganye a kansa? Babu, tsirara yake. Shi yana yin nasa ne a juye, ya zubar da ganye in ruwa ya sauka ya fitar da sabo in rani ya shigo. Don haka lokacin da dawa ke neman rana ba ya tare mata, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin shuka, da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna kashi a wajen. Ga shi ɗan gidan su wake ne da gyaɗa. Mangwaro da darbejiya kuwa da laimarsu a buɗe suke damina.

Maganar wake da kuka yi ita ce babba. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 azot ne, wato masarar Baban Halima tana tsaye cikin azot har wuya amma ba ta iya taɓa shi a haka, kamar mai ƙishirwa a tsakiyar teku. Akwai wasu ƙananan halittu, bakteriya, da suke iya kama shi, su ne ke shiga saiwar wake da gyaɗa da waken suya su yi ƙulle-ƙulle kamar ƙurji. Ciniki ne suke yi, wake ya ba su sukari su ba shi azot. A tuge wake mai fure a hankali a fasa ƙullin da farce, in cikinsa ja-ja ne kamar nama to suna aiki. Ita yuriyar ma daga iskar nan ake yin ta a masana'anta, da dabarar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka fito da ita kafin yaƙin duniya na farko, sai dai tana cin gas mai yawa, dalilin da ya sa in makamashi ya yi tsada a duniya buhun ma yake tashi a kasuwarmu. Inda zan ɗan bambanta da ku Baba, ba takin ne ya kashe ƙasa ba, barin sauran ne. Abu ɗaya zuwa uku yake kawowa, ba ya kawo ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. A haɗa su, kuma a daina cinna wa kara wuta.

Wuta-wuta ɓarauniya ce. Tana da koren ganye amma girkinta ba ya isarta, sai ta soka bakinta a saiwar dawa ko gero ko masara tana zuƙar ruwa da abinci, irin yadda kauci yake yi a reshen itace. Irinta kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba zai tsiro ba sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Hatsin da ke cikin yunwar fosfor da azot ya fi fitar da sinadarin, a nan maganar Baba ta gona ta gaji ta fito. Kafin ka ga kanta a waje ta yi makonni tana sha a ƙarƙashi, ɓarnar ta riga ta auku. Abin yi yanzu a tuge ta kafin furen ya zama iri, a fitar da ita daga gonar a ƙona, kar a yar a kunya. Baɗi a sa auduga ko gyaɗa ko waken suya a wajen, saiwarsu na yaudarar irin ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu. Ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Hajiya, karal laka ce mai kumbura, duk ruwan da ya kwanta mata da damina ta shanye ta adana a ƙasa can, shi ya sa ake yi mata 'yan madatsai don ruwan ya zauna ya nutse. Sama ta tsage amma ƙasa da laima, masakwa ta bi shi da saiwa, kuma kin ga ana ba ta tazara sosai don kada su yi wa tulun yawa, ga sanyin hunturu yana rage mata ƙishi. Yanke ganyen kuwa hikima ce, ƙofofin nan da iska ke shiga ta nan ruwa ke fita, fiye da kashi 95 na ruwan da shuka ta sha ta ganye yake tashi, kaɗan ne ke shiga girki. Dashen da saiwarsa ba ta kama ba in aka bar masa ganye duka zai zubar da ruwan da bai iya maidawa. Shi ne kuma abin da ke faruwa in masara ta naɗe ganye da azahar, ta rufe ƙofa ne don ta tsira da ruwanta, kuma muddin ƙofa a rufe take girki ya tsaya ko da rana ta kai ta Kuseri.

Likitan Dabbobi Gobe (Injamena):

Salam iyayena da yayyena, ni ɗalibi ne amma bari in sa baki ta ɓangarenmu, mu nan Chadi berbere muke ce wa masakwar. Abin da ya ɗaure min kai ranar da aka fara koya mana shine saniya ma ba ita ke narkar da ciyawa ba. Karan da Mushe yace da sukari aka gina shi, ɗaure sukarin akayi tamau yadda cikin mutum baya iya kwance shi, shi yasa ko ka ci harawa buhu guda ba zata riƙe ka ba. Saniya cikinta ɗaki 4 ne, a babban wato tumbi akwai ƙananan halittu da basu ƙirguwa, su suke kwance ɗaurin, ita kuma tana tuƙa tana ƙara niƙa musu, sai ta rayu da abin da suka fitar har ma da su kansu. Su ma suna neman azot, shi yasa saniyar da ke cin busasshen kara kaɗai da bazara take ramewa ko da cikinta a cike, amma a ƙara mata ɗan turto, wato tunkuzar angurya, ko harawar wake sai kaga ta murmure. Baban Halima dan Allah ragowar yuriyar nan a ɗaga ta sama, akuya in ta samu buhu a buɗe ta ci da yawa kafin a kira mai magani ta tafi.

Kuma kowane hawa asara akeyi, dabba tana ƙona yawancin abin da ta ci wajen tafiya da numfashi da ɗumin jiki, kusan kashi 10 ne kawai cikin 100 ke wucewa zuwa wanda zai ci ta. Dalilin da nama ya fi hatsi tsada kenan, kuma dalilin da a Tafkin Chadi ƙananan kifi sun fi giwan ruwa yawa nesa ba kusa ba, gansakuka ta kama rana, ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, mu kuma mu saye shi banda. Matan Kanembu sun yanke hanyar ma, a tafkunan kanwa na Kanem suna tace wani koren abu da ke tasowa a kan ruwa su shanya a rairayi ya zama dihe ayi miya da shi, shine turawa ke sayarwa a kwalba da sunan spirulina, fiye da rabin nauyinsa in ya bushe furotin ne.

Naman kaza kuma shi baya girki sam, bashi da kore, mataccen abu yake narkarwa ya sha. Gara har nomansa takeyi a cikin suri, ta kai masa tattaunannen kara ya ruɓar mata ta ci, kunga ta riga mu shiga harkar. Ƙwaron wake ma numfashi yake kamar kowa, buhun nan na ajiyar wake da ake ce wa PICS mai leda biyu a ciki ba magani a jikinsa, iska kawai yake hana shi, kuma a Marwa aka fara gwajin dabarar tun ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na Kamaru da jami'ar Purdue ta Amurka. Hajiya a garinku ne.

Baban Halima (Pitowa):

Kai jama'a nagode Allah ya saka, Baba na Gider na karɓi faɗan, gaskiya shekara 6 kenan masara nake maimaitawa a wajen. Da safen nan muka je da yaron, muka tuge wake guda a gonar maƙwabci da izininsa, ƙulle-ƙullen na nan reras a saiwa, da ni cuta nake ɗaukarsu wlh, na fasa ɗaya da farce sai gashi ja kamar tsokar kifi. Muka tona gindin masara ɗaya mai wuta-wuta a hankali muka wanke a bokiti, saiwarta a manne da ta masarar kamar kaska a kunnen kare, har da wasu farare guda 5 da basu fito waje ba tukuna. Mun tuge buhu biyu mun kai bakin hanya mun ƙona. Yaron sai wani murmushi yake yana kallon gefe, nace to naji, amma kai ma baka san maganar gishirin ba sai da mushe ya faɗa.

Saura mangwaro. Na ce wa uwargida zan sa a sassare rassan da suka shigo gona, tace in na taɓa reshe ɗaya sai dai in nemi mai tuƙa min tuwon masarar, wai kuɗin mangwaron ne ya sai wa Halima yunifom bara. Ya zanyi?

Hajiya Mai Albasa (Marwa):

Ƙanena kar ka soma, ka auna kwandon mangwaro nawa take saukewa da tiya nawa na masara inuwar ke ci maka sannan kayi magana. Ka ja masararka baya taku goma, gindin kuma ka ɗaure tumaki a wajen da rani, ka kwashe kashin ka kai inda wuta-wutar take. Ka gaida min ita da kyau.